Bam Ɗin Da Bai Tashi Ba: Sharhi Kan Littafin Paul Ehrlich

Duk ɗalibin da ya zauna darasin muhalli ko na raya ƙasa a jami'o'in Turawa ya san yadda idanu ke juyowa kan ɗan Afirkan da ke aji da zarar an tabo maganar yawan jama'a. Wannan kallon yana da asali, kuma ɗaya daga cikin tushensa shi ne wani ɗan ƙaramin littafi mai suna The Population Bomb, wato bam ɗin yawan jama'a, wanda Paul Ehrlich, masanin ƙwari a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya fitar a 1968. Da shi da matarsa Anne suka rubuta shi, amma sunansa kaɗai ya fito a bango.

Hujjar littafin gajeriya ce. Mutane na ƙaruwa fiye da yadda abinci ke ƙaruwa, don haka a shekarun 1970 ɗaruruwan miliyoyi za su mutu da yunwa, kuma lokacin hana hakan ya riga ya wuce. A lokacin mutanen duniya kimanin biliyan 3.5 ne. A watan Nuwamban 2022 suka kai biliyan 8, kuma abincin da ake nomawa kowane mutum ɗaya a yau ya fi na wancan zamani. Sabon irin alkama gajere da Norman Borlaug ya yi aiki a kansa a Meziko, tare da taki da ban ruwa, ya sauya noman Indiya da Pakistan a daidai shekarun da Ehrlich ke yi musu ta'aziyya. Har caca ya yi da masanin tattalin arziki Julian Simon a 1980 cewa farashin wasu ƙarafa biyar zai tashi cikin shekara goma saboda ƙarancinsu. A 1990 ya biya Simon dala 576.

Amma fa kuskuren hasashe ba shi ne babban laifin littafin ba, don kowane masani kan yi kure. Mai karatu ya duba yadda littafin ya buɗe. Marubucin yana cikin tasi a birnin Delhi da dare, ana zafi, mutane sun cika titi suna ci, suna wanka, suna bara, sai tsoro ya kama shi, ya ce a daren ne ya ji matsalar a jikinsa. To, a wancan lokaci mutanen New York sun ninka na Delhi. Ashe talauci ya gani a wannan titi, ya sa masa suna yawan jama'a. Daga nan littafin ya ci gaba da ƙirga kawuna, bai tsaya ya tambayi wa ke da gona, wa ke da kuɗin sayen hatsi ba.

Wannan tambayar ce Amartya Sen ya yi a littafinsa na 1981 kan talauci da yunwa. Ya nuna cewa a yunwar Bengal ta 1943 abinci bai ƙare ba, farashi ne ya fi ƙarfin ƴan ƙwadago. Wanda ya san Maraɗi a 2005 ba ya bukatar a fassara masa wannan. Fari da fara sun taɓa damanar 2004, gaskiya ne, amma ga gero a kasuwa, ga yara na ramewa a ƙauyukan da ke kewaye da ita, domin kuɗin buhu ya wuce abin da talaka zai iya.

Inda littafin ya fi muni shi ne wajen magani. Ehrlich ya goyi bayan a yanke tallafin abinci ga ƙasashen da ake ganin sun wuce ceto, ya kuma nuna goyon baya ga shawarar a yi wa mazan Indiya masu ƴaƴa uku ko fiye aikin hana haihuwa ko da dole. Ba za a ce littafi ɗaya ne ya jawo abin da ya biyo baya ba, amma irin wannan tunani ne ya yi rinjaye lokacin da gwamnatin Indira Gandhi ta yi wa miliyoyin mutane, akasarinsu talakawa, wannan aiki a dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977. Sin kuma ta kafa dokar ɗa ɗaya wajen 1980, ba ta janye ta ba sai ƙarshen 2015. Sai a taron Alƙahira na 1994 ne duniya ta amince a takarda cewa lafiyar mace da iliminta da zaɓinta su ne gaba da kowane lissafi.

A yi wa mutumin adalci. Bai kyale ƴan ƙasarsa ba, ya ce cin da Ba'amurke ke yi wa albarkatun duniya shi ma matsala ne. A nan ya faɗi gaskiya, domin hayaƙin da Ba'amurke ɗaya ke fitarwa a shekara ya ninka na ɗan Nijar fiye da sau ɗari. Sai dai masu ɗauko littafin a aji ba safai suke tuna wannan shafi ba.

Mu kuma akwai tarkon da ke jiranmu, wato mu ce tunda Ehrlich ya yi kure, to babu magana. Akwai magana. Mutanen Nijar ba su kai miliyan 4 ba a 1960, yanzu sun haura miliyan 25, kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonta, ajin da aka gina wa yara arba'in ya ɗauki ɗari. Littafin ba shi da abin da zai koya wa mai neman mafita a nan, domin ƙasashen da haihuwa ta ragu a cikinsu ba duka ne suka bi ta hanyar tilas ba. A Bangaladesh mace kan haifi kusan bakwai a 1970, yanzu kusan biyu ne, bayan an sa ƴan mata makaranta, mutuwar jarirai ta ragu, ma'aikatan lafiya mata suka riƙa shiga gida-gida. Iran ta sauko daga sama da shida a tsakiyar shekarun 1980 zuwa kusan biyu a 2000. Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ma ya ce yawan mutanen duniya zai tsaya a wajen biliyan 10.3 a shekarun 2080, daga nan ya fara raguwa.