Igwa da tankar yaƙi a Ɗa'ifa? Anya kuwa?

Ka taɓa jin mai fassarar sira ya zo kan yaƙin Ɗa'ifa, shekara ta 8 bayan hijira, ya ce wai an kai "igwa da tankar yaƙi"? Ni kam na ji, kuma ba sau ɗaya ba. Kalmomin da ke gabansa biyu ne: manjaniƙ da dabbaba.

Mu fara da manjaniƙ. Ko a Larabcin ma baƙo ne, daga Girkanci aka aro shi, daga "manganon", wato na'urar yaƙi. Tushen nan ne ya haifi "mangonneau" na Faransanci. Doguwar itaciya ce a kan madogari, ƙarti su ja igiyoyi ta gefe guda, ɗaya gefen ya wurga dutse kan ganuwa. Da shi Hajjaju ɗan Yusufa ya yi wa Makka ruwan duwatsu a 692. To ina albarushi a nan? Igwa kuwa sai da albarushi. Wanda ya ce igwa ya cusa wa labarin makamin da sai bayan ɗaruruwan shekaru aka ƙera shi.

Masu cewa "majaujawa" sun fi kusa, don akwai majaujawa a bakin itaciyar. Illa dai Bahaushe na jin kalmar sai ya hango yaro na korar tsuntsaye a gona. Ni a ganina a bar manjaniƙ ɗin, a bayyana shi sau ɗaya: ƙatuwar majaujawar fasa ganuwa.

Dabbaba ta fi daɗin labari. Tushenta d-b-b, jan ciki ko tafiya sannu, tushe ɗaya da "dabba" ɗinmu ta Hausa. Rumfa ce ta katako da fatu, mayaƙa su shige ƙarƙashinta su tura har gindin ganuwa su yi ta haƙa. Larabcin yau ne ya ɗauki tsohon sunan ya liƙa wa tanka, shi kuma malam ya duba ƙamus na zamani ya kwaso. Abin da ya sa kuskuren ya yi muni: mutanen Ɗa'ifa ƙarafa masu zafi suka jefo wa dabbabar ta kama da wuta, na ciki suka fito, aka bi su da kibau. In ka ce tanka, ɗalibi zai tambaye ka yadda aka yi ƙarfe ya ƙone ƙarfe. Ka ce rumfar fata, ba mai tambayarka.