Aro Ko Sata? Nazari a Kan Fim Ɗin Kaboyi na Sergio Leone

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba A Fistful of Dollars, fim ɗin kaboyi wanda Sergio Leone ya shirya a shekarar 1964, domin mu gane inda aro ya tsaya da kuma inda fasahar mai aron ta soma. Irin waɗannan finafinai ne masu sharhi suka laƙaba wa sunan reni, wato kaboyin taliya, saboda labarin na Amurka ne amma Italiyawa suka dafa shi.

Jigon ba shi da wuyar kamawa. Wani baƙo ya sauka San Miguel, wani ƙauye a bakin iyakar Meziko da Amurka, ya tarar gidan Rojo da gidan Baxter suna gaba. Sai ya shiga yi wa kowane ɓangare aiki don kuɗi, yana zuga su, har suka hallaka. Duk wanda ya kalli Yojimbo na Akira Kurosawa, wanda ya fito a Japan a 1961, ya san wannan zubi, illa dai takobi ya koma bindiga. Hatta kuɓutar da matar da aka tsare, da dukan da tauraro ya sha a kan haka, da fitar da shi daga gari cikin akwatin gawa, duk suna can. Kamfanin Toho ya kai ƙara, aka sasanta a kan ba wa ɓangaren Kurosawa kashi 15 cikin ɗari na cinikin fim ɗin, kuma ba a nuna shi a Amurka ba sai 1967. An kare Leone da cewa tun a ƙarni na 18 Carlo Goldoni ya rubuta wasa a kan bara mai iyayengiji biyu. A ganinmu wannan hanzari ne marar ƙwari, don kuwa Goldoni bai sa kowa a akwatin gawa ba.

To, me ya rage wa Leone? Amsar tana cikin yadda aka yi aikin. Kuɗin da aka kashe kimanin dala 200,000 ne, daga kamfanonin Italiya da Sifaniya da Jamus ta Yamma. Clint Eastwood, wanda a lokacin ɗan wasan talabijin ne a shirin Rawhide, dala 15,000 aka biya shi. Hamadar da ake gani ta Sifaniya ce. Don a ɗauka kayan Amurka ne, Leone ya sa wa kansa suna Bob Robertson, mai kiɗansa Ennio Morricone kuwa ya zama Dan Savio.

Abin lura a nan shi ne 'yan wasan ba harshensu ɗaya ba. Kowa ya yi magana da nasa, daga baya aka ɗora muryoyi. Da yake magana ta zama kaya mai nauyi, sai aka rage ta, fuska da shiru suka ɗauki aikinta. Leone yakan kusantar da kyamara har fuska ta cika majigi, da gumi da ƙura da ƙiftawar ido, ya ja lokaci kafin harbi, harbin kansa kuma ya wuce cikin daƙiƙa. Morricone, da ba shi da kuɗin ɗaukar babban rukunin makaɗa, ya koma ga fito da ƙarar bulala da ƙararrawa da jita mai lantarki. Wannan salo ba daga Kurosawa ya zo ba, kuma shi ne mai kallo yake fita da shi daga silima.

Sai dai rowar maganar ba ta yi wa kowa adalci ba. Marisol, matar da Marianne Koch ta fito a matsayinta, a kanta ne tauraro ya yi alheri guda ɗaya da ba na kuɗi ba, amma da ƙyar aka bar ta ta buɗe baki. Shirun Eastwood kwarjini ya ƙara masa, nata kuwa mayar da ita ya yi kamar kayan da maza ke jayayya a kai.