Farautar Ƙwari da Kyamarar Waya

Tumfafiya ba ta da wata daraja a idon mai wucewa. Ga ta nan birjik a hanyar Tambuwal zuwa Kebbe, ga ta a kufai da bakin gonakin Fakku. Amma wanda ya koyi ɗaukar hoton ƙananan halittu daf da daf, gindin tumfafiya guda ya ishe shi aikin safiya. Zai nuna maka furenta mai kunnuwa biyar, fari da bakin shunayya, da wani ɗan rawani a tsakiya. Zai ɗaga ganye ya nuna maka ƙwan malam-buɗe-littafi guda ɗaya tak manne a ƙasansa, da tsutsar da ke fita daga ciki, mai zanen baƙi da fari da rawaya. Tsutsar nan ganyen take ci, dafin ƙullun tumfafiya ya zauna a jikinta, shi ya sa tsuntsaye ke shakkarta har bayan ta yi fiffike.

Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba. Akwai ɗan gilashin ƙara girma mai matsi da ake maƙalawa a idon kyamarar waya. Mai kyamara babba kuwa yakan cire madubinta ya juya shi baibai, nan take ya zama na ɗaukar abu ƙanƙani. Wahalar a wani wuri take. Da zarar ka matso kamar santimita biyu ko uku, abin da zai fito tangaran a hoton bai wuce kaurin milimita ɗaya ba, wani lokaci ma bai kai ba. Ka kama ƙafar ƙudan zuma, kansa ya yi hazo. Saboda haka gwani ba ya wasa da allon waya yana neman saiti. Yakan durƙusa, ya kafa gwiwar hannu a ƙasa, ya riƙe numfashi, sannan ya riƙa matsawa gaba da baya da jikinsa har idon ƙwaron ya fito. Idon ake nema. In ido ya fito, mai kallo zai yafe sauran.

Abin da ya fi burge ni a wannan sana'a shi ne rabinta sanin halin dawa ne, irin na maharbi. Da sanyin asuba jikin ƙwaro bai ɗumama ba, mazari na nan lafe a kan kara da raɓa a fiffike, iska kuma ba ta taso ba. Hantsi na dubawa an gama, kowa ya tashi. Ba a barin inuwa ta faɗa kan fara, tsalle za ta yi. Ƙoƙi-ƙoƙi kuwa ba ta da gudu, juyo kai za ta yi ta zuba maka ido. Rina dai a ba ta girmanta. In rana ta yi ƙarfi, farar takarda ko farar leda a saman furen tana tausasa hasken, bayan buzuzu ya daina walƙiya ya nuna launinsa na gaskiya. Yaron da ya tashi yana kamun fara a gona ya san yawancin wannan tun kafin ya taɓa waya.

Sai kuma abin da hoton ke tonawa. Ƙudan zuma idanu biyar gare shi: manya biyu a gefe, ƙanana uku a tsakar ka. Idon mazari guda na iya ƙunsar ƙananan idanu kusan 30,000. A Ingila wani mai hoto, Levon Biss, ya baje kolin hotunan ƙwari a gidan tarihin halittu na Jami'ar Oxford a 2016, kowane hoto an harhaɗa shi ne daga hotuna kusan 8,000, ana matsa saiti kaɗan kaɗan har ƙwaron ya fito tangaran daga kai zuwa gindi. Namu ba sai ya kai can ba.

Ba nishaɗi kaɗai ba ne a ƙasar manoma. Tsutsar nan mai cin masara da dawa, wadda aka fara gani a Nijeriya a 2016, ana gane ta da alamar Y a kife a goshinta da ɗigo huɗu kusa da wutsiya. Hoto mai kyau ɗaya ya isa malamin gona ya faɗi ko ita ce, kafin a kashe kuɗin feshi. Haka furen ƙuduji: kyakkyawa ne a hoto, amma ganinsa a gindin gero labarin asara ne.

Mai son gwadawa ya fara da fure, don fure ba ya tashi. Tafasa da duman kada suna nan a Agusta da Satumba. A goge idon kyamara, a fita kafin rana ta ɗaga, kuma a duba ƙarƙashin ciyawa kafin a durƙusa, damina lokacin macizai ne.