Sana'ar Ɗan Daudu a Ma'aunin Fiƙihu: Tsokaci a kan Littafin Rudolf Gaudio

A shekarar 2009 kamfanin Wiley-Blackwell ya buga littafin Allah Made Us na Rudolf Pell Gaudio, Ba'amurke masanin harshe da al'adun al'umma, wanda ya fara bincikensa a Kano cikin shekarun 1990. Littafin ya tattara ne a kan 'yan daudu: salon maganarsu, zamantakewarsu da hanyoyin neman abincinsu. Mai karatu Musulmi kan yi saurin kau da kai daga irin wannan aiki tun daga bango. Sai dai a cikinsa akwai mas'alar da ta cancanci amsa daga malamai: shin ya halatta a raba mutum da sana'arsa, ko a danne masa ladan aikinsa, saboda muryarsa da tafiyarsa, ko saboda abin da ake zarginsa da shi?

Babban abin yabo ga marubucin shi ne ya dubi ɗan daudu a matsayin mai sana'a. Ya nuna yadda da yawansu suka rayu da dafa abinci da sayar da shi a kasuwanni da tashoshin mota, bai kuma ɓoye cewa waɗansu sun yi kawalci ba. Ya rarrabe tsakanin daudu, wato ɗabi'ar da ake gani a fili, da harkar neman maza, wadda masu yin ta ba duka ne 'yan daudu ba. Ya kuma bayyana yadda neman abinci ya ƙuntata ga da yawansu bayan jihohin Arewa sun ƙaddamar da shari'a daga shekarar 2000.

Rauninsa kuwa shi ne, mai karatu zai ji muryar 'yan daudu da muryar masu tsangwamarsu, amma ba zai ji muryar littattafan fiƙihu yadda ya kamata ba. Sakamakon haka sai ya zamana tamkar duk abin da jama'a suka aikata da sunan shari'a, shi ne shari'ar. Raunin na biyu shi ne littafin na birni ne. A Kano wanda aka kora daga wannan unguwa yana iya komawa waccan. Lamarin ya fi tsanani a ƙaramin gari.

Garin Maigatari na masarautar Gumel a jihar Jigawa ya isa misali. Kasuwarsa ta kan iyakar Nijar tana ci ranar Alhamis, fatake da dillalan dabbobi suna zuwa daga nesa, kuma duk wannan taro sai ya ci abinci. A ƙaddara wani mutum yana aikatau a rumfar mai abinci, ana masa ganin ɗan daudu. Wata rana magana ta tashi, mai rumfa ya sallame shi, ya kuma riƙe kuɗin aikinsa na mako, yana ganin ya yi wa addini hidima. Kafin Alhamis ta zagayo labari ya kai Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar, ba mai sake ɗaukarsa. Wannan ita ce surar mas'alar.

Babu saɓani tsakanin mazhabobi huɗu a kan haramcin luwaɗi, kuma hadisin Ibn Abbas a Sahihul Bukhari ya tsananta a kan namiji mai kwaikwayon mata da mace mai kwaikwayon maza. Amma malamai ba su tsaya nan ba. Imam Nawawi a sharhinsa na Sahihu Muslim ya kasa mukhannas gida biyu: wanda aka halitta da wannan ɗabi'a, shi babu zargi ko zunubi a kansa, da wanda ya ƙaƙaba wa kansa ita, shi ne abin zargi. Ibn Hajar a Fathul Bari ya ƙara da cewa ana umurtar na farkon ya yi ƙoƙarin barin ta sannu a hankali. Mata-maza kuwa hukuncinsa daban ne, kuma da bayanin gadonsa Shehu Khalil ya rufe Mukhtasar. Mai rumfar Maigatari ba shi da hanyar sanin ko wane kashi yaronsa yake ciki, balle ya yanke hukunci.

Idan kuwa zargin ya wuce ɗabi'a ya kai ga alfasha, to mai zargin ne ya shiga haɗari. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana mummunan zato da bin diddigin asirin mutane. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta tabbatar da haddin ƙazafi a kan wanda ya jefi wani da luwaɗi ba tare da hujja ba, kuma a mazhabar Malik ko da habaici ya yi, haddin yana hawa kansa. Batun lada ya fi wannan fitowa fili: hadisi ƙudsi a Bukhari ya lissafa wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi ladansa, cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar Alƙiyama. Hadisin bai togace ma'aikaci mai saɓo ba.

Masu kafa hujja da korar mukhannas daga Madina su lura da abu uku. Annabi (SAW) ne ya yi korar a matsayinsa na shugaba. Dalilinta aiki ne da aka ji da kunne, wato siffanta jikin wata mata a gaban namiji a ɗakin Ummu Salama. Sannan Abu Dawud ya ruwaito cewa da aka ji tsoron yunwa za ta kashe shi, an ba shi izinin shiga gari duk Juma'a ya nemi abinci. Ko a cikin horo, an kiyaye masa abin da zai ci.

A Amurka, hukuncin Kotun Ƙoli na shekarar 2020 a shari'ar Bostock ya hana korar ma'aikaci saboda neman jinsi ko sauya jinsi, bisa dokar 'yancin jama'a ta 1964. A Nijeriya kuwa dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta haramta auren jinsi. Musulmi ba ya bukatar aron tushen hukuncin Amurka kafin ya hana zalunci, domin fiƙihu yana hukunta aikin da ya tabbata a gaban alƙali, ya bar wa Allah abin da ke ɓoye. Mai ɗaukar aiki yana da haƙƙin sallamar wanda ya ci amana ko ya mayar da wurin aiki dandalin ɓarna. Ba shi da haƙƙin zama alƙali da mai shaida da mai zartarwa a lokaci guda. Wanda aka toshe wa halal ɗin tukunya kuma, sau da yawa ƙofar da ta rage masa ita ce wadda ake gudar masa.

Saboda haka littafin Gaudio ya cancanci ɗaliban fiƙihu su karanta shi da idon tantancewa: su karɓi abin da ya gani, su auna fassararsa, su cike giɓin da ya bari daga Risala da Mukhtasar. Allah ne mafi sani.