Finafinan Binciken Kisa da Kuɗin Wata-wata: Ko Kwalliya Na Biyan Kuɗin Sabulu?

Tun daga zuwan Netflix Nijeriya a watan Janairun shekarar 2016, duk inda marubuta suka haɗu da wuya a tashi ba a yi zancen finafinan binciken kisa masu dogon zango ba, kuma tambayar ba ta wuce ɗaya: shin ya dace marubuci ya riƙa yankar wani abu daga ɗan abin da yake samu yana biyan kuɗin wata-wata, ga kuma kuɗin data, don ya kalle su? Mu dai a namu ganin, ba za a amsa wannan tambaya ba sai an fara duba yadda hanyar biyan kuɗin ta shafi zubi da tsarin labarin kansa.

Bari mu fara da tsohon hannu. Shirin Columbo na Amurka, wanda Richard Levinson da William Link suka ƙirƙiro, Peter Falk kuma ya fito a matsayin ɗan sandan ciki mai yamutsattsiyar rigar ruwa, ya fara fita a jere a shekarar 1971. Kashin farko na wannan jerin, Murder by the Book, wanda Steven Spielberg ya ba da umarni yana saurayi, labarinmu ne mu marubuta: abokai biyu ne da sunayensu ke fita tare a bangon littattafai, alhali ɗaya ne kaɗai ke rubutun. Da mai rubutun ya nemi a raba gari, sai ɗayan ya kashe shi don ya ci kuɗin inshora. Tun a mintunan farko an nuna mana mai kisan ƙuru-ƙuru. Abin da ke riƙe mai kallo shi ne ta wace kafa za a kama shi, kuma kafin awa ɗaya da rabi an warware komai. Babu ɗan kallon da ya tashi da bashi a wuyan marubuci.

To, sai mu dubi The Killing, wanda tashar AMC ta fara nunawa a 2011, an kuwa aro shi ne daga wani shirin ƙasar Denmak. An kashe wata yarinya, Rosie Larsen, aka yi kashi 13 ana nuna wannan a wanke shi, a nuna wancan a wanke shi, har zangon farko ya ƙare ba a faɗi mai laifi ba. Masu kallo suka fusata, domin sai a ƙarshen zango na biyu, a 2012, bayan kashi 26, aka buɗe asirin. AMC tashar biya ce, kuma wannan hali shi ne kamfanonin kallo ta intanet suka gada: ribarsu tana cikin kada mutum ya janye rajistarsa, saboda haka labarin da zai ƙare a dare ɗaya sai a ja shi kamar cingam.

Kada a ɗauka tsawo shi ne laifin. Broadchurch na Ingila, wanda Chris Chibnall ya rubuta aka nuna a ITV a 2013, ya yi kashi 8 a kan mutuwar yaro ɗaya ɗan shekara 11 a wani ƙaramin gari na bakin teku. Amma kowane kashi yana da aikin yi: yadda uwa ke rayuwa da rashi, yadda zargi ke raba maƙwabta, yadda jarida ke iya halaka mutumin da bai ji ba bai gani ba. Can an yi amfani da tsawon wajen faɗaɗa jigo; a The Killing an yi amfani da shi wajen jinkirta amsa. Ko su Amurkawan sun farga, domin a 2023 Rian Johnson ya fito da Poker Face a Peacock, ya koma tsarin Columbo na kisa ɗaya a kashi ɗaya.

Me ya shafe mu? Ai ciwon nan ba baƙo ba ne a gidanmu. Mun san yadda a shekarun 1990 ake raba littafi na ɗaya, na biyu, na uku a kasuwar Kano, a yanke labari daidai inda tauraruwa ta buɗe ƙofa, don mai karatu ya dawo da kuɗinsa. Matashin da ya zauna ya sha kashi 10 a dare ɗaya ba tare da nazari ba, wannan dabarar ce kaɗai zai kwasa, ya bar ta gaske. Ta gasken kuwa tsohuwa ce: tun 1929 Ronald Knox ya tsara ƙa'idoji 10 na wannan fanni, daga ciki har da cewa duk alamar da mai bincike ya gano dole a nuna wa mai karatu ita, kuma kada a warware matsala da sa'a kawai.

Shawararmu ga 'yan'uwa ita ce, kada a bar rajista tana cin kuɗi wata bayan wata kamar haya. A fara tabbatar da cewa shirin da ake so yana nan a kamfanin, domin ba kowane ake nunawa a kowace ƙasa ba. A biya na wata guda, a zaɓi shiri ɗaya, a kalle shi sau biyu: na farko don jin daɗi, na biyu da biro da takarda, ana rubuta a wane kashi aka ajiye kowace alama, kuma wane kashi ne za a iya cirewa labarin bai girgiza ba. Daga nan a janye rajista a koma kan tebur. Wanda ya yi haka kuɗinsa sun zama kuɗin makaranta. Wanda kuwa ya wayi gari wata uku yana kallo bai rubuta shafi ɗaya ba, to ya biya ne aka sace masa lokacin rubutunsa. Allah Ya ƙara mana basira, amin.