Mage da Ɓera a Dakoro, Kwaɗin Alassane a New York

Da wuya a sami yaro a garin Dakoro da bai san Tom da Jerry ba. Da wuya kuma a sami wanda ya taɓa jin sunan Sim, shugaban ƙasar kwaɗi, ko da yake ɗan Nijar ne ya zana shi. Wannan bambanci ya cancanci nazari, domin gwanintar mai zane kaɗai ba ta isa ta bayyana shi ba.

William Hanna da Joseph Barbera ne suka ƙirƙiro magen da ɓeran a Amurka a 1940. Kafin 1958 sun yi gajerun finafinai 114, bakwai daga ciki suka ci kyautar Oscar. Don gidajen silima aka yi su, sai a 1965 suka shiga talabijin. Daga nan aka juye su a kaset, aka koma faifan DVD, yau ga su cikin wayar hannu. Duk lokacin da na'ura ta sauya, masu haƙƙin mallaka sukan sake fitar da su, saboda akwai riba. Ga shi kusan babu magana a cikinsu, sai guje-guje da kiɗa, don haka ɗan Bahaushe, ɗan Bafillace da ɗan Buzu duk dariya ɗaya suke yi a gidan kallo.

Moustapha Alassane, wanda aka haifa a N'Dounga a 1942, ya koyi aikin fim wajen Jean Rouch a Yamai, ya ƙaro sanin zane mai motsi wajen Norman McLaren a Kanada. Fim ɗinsa La Mort de Gandji ya sami lambar yabo a bikin Dakar na 1966. A shekarar ce ya fitar da Bon Voyage Sim, mai tsawon minti biyar: kwaɗo ya tafi ziyarar aiki, ana fareti, ana jinjina, ana ta girman kai. Shekara 6 kacal bayan samun mulkin kai, ya yi wa sababbin masu mulki zambo irin na tatsuniyar Gizo, inda dabba ke faɗin abin da mutum ba ya iya faɗi. A Samba le Grand na 1977 ya koma ga ƴan tsana, haka ma a Kokoa, inda kwaɗo da hawainiya ke shiga filin kokowa.

Gaskiya ne motsin zanensa bai kai na Hanna da Barbera santsi ba, kuma bai bar dogon jerin da yaro zai saba da shi kowane maraice ba. Mutum ne da ke aiki da kayan da hannunsa ya kai gare su. Amma Tom da Jerry labari ɗaya suke maimaitawa, na kora da tsira, alhali minti biyar na Sim sun ishi aji guda muhawara a kan mulki da fankama.

Alassane ya daɗe yana zaune a Tawa, ya rasu a Wagadugu a 2015. A 2017 gidan adana fasaha na MoMA a New York ya nuna ayyukansa a jere. Masu kallo a can sun gani, ɗaliban Dakoro kuwa ko labari bai iske su ba. Fim ɗin da ba a juye shi ya shiga kasuwa ba, tamkar hatsi ne a rumbun da aka ɓatar da mabuɗinsa.

Nan ne aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu yake. Su nemi kwafin halal daga masu riƙe da haƙƙin finafinan, su haska su a makarantu da gidajen matasa, su sa ɗalibai su ba da labarin Sim da Hausa sannan su rubuta shi da Faransanci. Gani ya kori ji.