Sharhin fim: "14 Peaks", wa aka yi wa kirari, Purja ko 'yan Sherpa?

Fim: 14 Peaks: Nothing Is Impossible
Darakta: Torquil Jones
Fitowa: 2021, a Netflix

Mai karatu, a wannan watan ba fim ɗin soyayya na kawo maka ba. Wannan fim ne na abin da ya faru da gaske, a kan wani tsohon sojan Birtaniya ɗan ƙasar Nepal mai suna Nirmal Purja, wanda ya ci alwashin hawa duwatsu 14 mafi tsawo a duniya cikin wata 7.

Kowanne daga cikinsu ya haura mita 8,000, kuma suna warwatse ne a Nepal, Pakistan da Sin. Don ka gane, Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Reinhold Messner, wanda ya fara hawa su duka, daga 1970 ya fara, bai gama ba sai 1986. Shi kuwa Purja ya fara da Annapurna ranar 23 ga Afrilu, 2019, ya rufe da Shishapangma ranar 29 ga Oktoba. Wata 6 da kwana 6 ke nan.

ABUBUWAN BURGEWA

Na farko hoto. Yawancin abin da za ka gani a saman dutse su mahayan ne suka ɗauka da kansu, don haka kana jin hakin mutum da kukan iska kamar kana wurin. A nan za ka ga hoton nan da Purja ya ɗauka a watan Mayu na 2019, na dogon layin mutane a kusa da ƙololuwar Everest, kai ka ce layin mai ne.

Na biyu labarin gida, kuma shi ne ya fi taɓa zuciya. Mutumin ya ajiye aikin soja, ya yi asarar fansho, ya jinginar da gidansa, alhali mahaifiyarsa na kwance ba lafiya. Yayansa ya yi fushi da shi. Daraktan bai rufe wannan ba, ya bar ka da tambayar da kowane ɗa zai yi wa kansa: buri ne gaba ko uwa?

Sai fitowar Kangchenjunga, inda ya tsaya ya ba wasu Indiyawa biyu da suka galabaita iskar oksijin, amma duk da haka rai ya yi halinsa. Wurin nan wallahi sai mai taurin zuciya.

KURAKURAI

Babbar hujjar fim ɗin ita ce an daɗe ana cin haƙƙin 'yan Sherpa, masu ɗaukar kaya da kafa igiya, Turawa su kwashe suna. Gaskiya ne. Tun 1953 da Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka hau Everest tare, Hillary ne aka ba sarautar "Sir". To amma shi kansa fim ɗin me ya yi? Kyamara na kan Purja daga farko har ƙarshe. Mingma David Sherpa da sauran abokan tafiyarsa an ambaci sunayensu, an nuna su suna dariya, shi ke nan. Ba mu shiga gidajensu ba, ba mu ji tsoron matansu ba. An ce za a share wa kura hawaye, sai aka ɓige da yi wa gardi kirari.

Na biyu gaggawa. Duwatsu 14 a fim ɗin da bai kai awa 2 ba, dole wasu su wuce kamar walƙiya. An tsaya a kan K2 da rigimar neman izinin Sin, amma akwai waɗanda kafin ka gyara zama an sauko.

Na uku, kwatanta shi da Messner akwai son kai. Messner bai yi amfani da kwalbar oksijin ba, Purja ya yi, kuma jirgi mai saukar ungulu ya rage masa hanya tsakanin wasu sansanoni. An taɓo batun oksijin, amma a gurguje, kamar mai tsoron ɓata wa jarumi rai.

KAMMALAWA

Ka sani kuma tarihin da fim ɗin ke tutiya da shi ya riga ya faɗi. A 2023 Kristin Harila 'yar ƙasar Norway da Tenjen Sherpa sun gama duwatsun cikin kwana 92. A watan Oktoba na shekarar, zaftarewar ƙanƙara ta kashe Tenjen a Shishapangma yana yi wa wata jagora. Yau ka tambayi masu bin labarin, sunan Harila za su fara kawo maka.

Ka nemi fim ɗin ka kalla, ya cancanci lokacinka. Amma idan an zo ƙarshe kada ka tashi, ka tsaya ka karanta sunayen da ke wucewa.